Daga Kaduna zuwa can, awa nawa ne a jirgi? Yadda za ka lissafa da kanka

Shekarar da goggona za ta sauke farali, ni na kai ta sansanin alhazai na Mando da ke Kaduna. Muna zaune a kan tabarma muna jiran a kira sunan ƙaramar hukumarsu, sai ta taɓo ni ta ce, "Kai ɗan nan, wai awa nawa za mu yi a saman nan? Ka san ƙafata ba ta son dogon zama." Kafin in buɗe baki wani dattijo a gefe ya ce awa bakwai ne, shi da idonsa ya gani a takarda. Wata Hajiya da ta taɓa zuwa ta ce ina, su da suka dawo awa uku kacal suka yi. Goggo ta dube ni ta ce, "To wa zan bi?" Na ce, "Goggo, ki ɗauka awa biyar ne, da yardar Allah."

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa abin da agogo ya nuna masa ya faɗa. Matsalar ita ce tambayar "awa nawa ne" tana da amsa har huɗu: akwai nisan da ke tsakanin garuruwan biyu, akwai awannin da jirgi zai yi yana tafiya, akwai abin da agogon bango zai nuna idan an sauka, sannan akwai lokacin da tafiyar za ta ci maka tun daga ƙofar gidanka har ƙofar masaukinka. Wanda ya cakuɗa su shi ne yake barin mai tarbarsa tsaye a rana, ko ya tarar jirgi ya tashi ya bar shi. Ga yadda ake warware su ɗaya bayan ɗaya, da waya da kalkuleta kawai.

Mataki na farko: san filin jirgin, ba sunan gari kaɗai ba

Jirgi ba ya tashi daga Kasuwar Barci, ba ya kuma sauka a ƙofar Harami. Filin jirgin Kaduna yana wajen gari, kimanin kilomita 22 arewa maso yamma, ta hanyar Mando. Makka kuwa ba ta da filin jirgin fasinja, Jidda ake sauka ko Madina. Saboda haka lissafinka daga fili zuwa fili zai kasance.

Kowane fili yana da laƙabi na haruffa uku, su ne a jikin tikiti da takardar da ake maƙala wa jaka. Kaduna KAD, Abuja ABV, Legas LOS, Jidda JED, Madina MED, Dubai DXB. Ka buɗe ido a kan guda uku da suke kama da juna: KAD Kaduna, KAN Kano, CAN kuma Guangzhou ce ta ƙasar Sin inda 'yan kasuwarmu suke sarin kaya. Harafi ɗaya ne ya raba KAN da kowanne daga cikin sauran biyun.

Mataki na biyu: gano nisan

Hanya mafi sauƙi ita ce Google Maps. Nemo filin jirgin farko a taswirar, danna wurin ka riƙe har alama ta fito, zaɓi wurin auna nisa, sannan ka ja taswirar har kan fili na biyu. Lambar da za ta fito ita ce nisan miƙe, ba ruwanta da kwana ko gada. Kada ka ɗauki nisan da manhajar take bayarwa idan ka nemi hanyar mota, wannan lissafin direba ne.

Idan garuruwan suna da nisa sosai, za ka ga layin ya ɗan lanƙwasa a kan taswira. Ba kuskure ba ne. Duniya ƙwallo ce, taswira kuwa shimfiɗaɗɗiya, dole wani abu ya karkace. Ɗauki lemo ka ɗiga masa ɗigo biyu da biro, ka ja zare tsakaninsu ka ɗaure shi tamau. Inda zaren ya kwanta, nan ce gajeriyar hanya, ita jirgi yake so ya bi. Mu Musulmi ma mun daɗe da sanin wannan layi ba tare da mun kira shi da sunan matuƙa jirgi ba, domin shi ne alƙibla. Daga Kaduna alƙibla tana gabas maso arewa, wajen digiri 66 zuwa 67 idan an ƙirga daga arewa, kuma jirgin da ya nufi Jidda kusan can zai sa gaba idan babu abin da ya tare shi.

Yanzu ga lissafin hannu, ga mai son ya san daga ina lambar take fitowa. Ni na fi son wannan, don wanda ya yi shi sau biyu ba a ƙara yi masa ƙaryar nisa.

Kowane wuri a duniya yana da lambobi biyu. Ta farko, latitud, tana nuna yadda ya yi arewa ko kudu daga layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. Ta biyu, longitud, tana nuna yadda ya yi gabas ko yamma daga layin da ya ratsa Girinwich a Landan. Idan ka danna wuri ka riƙe a taswirar waya za su fito. Filin jirgin Kaduna yana kan 10.70 arewa da 7.32 gabas. Na Murtala Muhammed da ke Legas yana kan 6.58 arewa da 3.32 gabas.

Kewayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne, an kasa shi digiri 360, don haka digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kilomita 111 ne a ko'ina. Daga gabas zuwa yamma kuwa digirin yana tsukewa yayin da ake nesa da ikwaita, kamar yadda ɓangarorin lemo suke haɗewa a kai da gindi. A ikwaita 111 ne, a latitud 9 kimanin 110, a 16 kimanin 107, a 30 kimanin 96, a 50 ya koma 71. Wanda ya iya kalkuletar kimiyya sai ya ninka 111 da abin da maɓallin cos ya ba shi na latitud ɗin da ke tsakiyar garuruwan biyu.

Mu gwada Kaduna zuwa Legas:

- Bambancin arewa da kudu: 10.70 a cire 6.58, saura 4.12. A ninka da 111, an sami kilomita 457.
- Bambancin gabas da yamma: 7.32 a cire 3.32, saura 4. Tsakiyar garuruwan tana wajen latitud 9, sai a ninka da 110, an sami 440.
- A ninka kowace lamba da kanta: 457 sau 457 ya ba da 208,849, 440 sau 440 ya ba da 193,600. Jimla 402,449.
- A danna alamar √ a kan jimlar, za ta ba da 634.

Wato kimanin kilomita 635 ke tsakanin filayen biyu. Lissafin magina ne na gano tsawon kusurwa zuwa kusurwa, babu wani sihiri.

Jidda tana kan 21.68 arewa da 39.16 gabas. Bambancin farko 10.98, sau 111, ya zama 1,219. Na biyu 31.84, tsakiya kuma wajen latitud 16, sau 107, ya zama 3,407. Bi sauran matakan za ka sami 3,618. Ainihin nisan kusan 3,600 ne, ka ga ba mu kauce da yawa ba. Madina ta ɗan ɗara, wajen 3,750. Wannan dabara tana aiki a cikin Afirka da ƙasashen Larabawa. Da zarar tafiya ta kai irin su Amurka ko Sin, lanƙwasar duniya ta fi ƙarfinta, sai ka koma wa taswirar waya.

Abu ɗaya da yake rikita mutane a nan shi ne ma'auni. Wani wurin zai ba ka nisa da kilomita, wani da mil, wani da mil ɗin teku wanda matuƙa jirgi suke aiki da shi. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne, mil ɗin teku ɗaya kuwa 1.852. Kaduna zuwa Legas kilomita 635 ne, mil 395 ne, mil ɗin teku 343 ne, duk abu ɗaya. Idan ka ga lambobi biyu sun saɓa sosai, duba ma'aunin kafin ka ƙaryata wani.

Mataki na uku: mayar da nisa ya zama lokaci

Nan ne masu lissafin gaggawa suke faɗawa rami. Sai su ji an ce jirgi yana gudun kilomita 850 a awa, su raba 635 da shi, su ce Legas minti 45 ce. Wanda ya taɓa hawa ya san ba haka ba ne.

Jirgi ba ya wannan gudu sai ya kai can ƙololuwa, tsakanin ƙafa 30,000 zuwa 40,000, wato kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa, inda iska ba ta da kauri. Kafin nan sai an rufe ƙofa, ya gangara a hankali zuwa bakin titinsa, ya jira izini daga hasumiya, ya tashi, ya yi ta hawa na kusan minti ashirin. A ƙasa da ƙafa 10,000 kuma akwai ƙa'idar da ta taƙaita gudu ga mil ɗin teku 250 a awa, kimanin kilomita 460. Wajen sauka ma haka, tun da sauran tafiya yake fara rage gudu yana gangarowa, ya daidaita da titi, ya sauka, ya lallaɓa zuwa inda zai tsaya. Lokacin da kamfani yake rubutawa a tikiti ya haɗa duk wannan, daga motsawar jirgi a fili na farko har tsayawarsa a na biyu.

Ƙa'idar da nake bi ita ce: raba nisan da gudun jirgin, sannan ka ƙara minti 30.

Gudun da za ka saka ya danganta da irin jirgin. Masu injin jet da ke zirga-zirga a cikin gida, irin su Boeing 737 da Embraer, saka musu 800. Manya masu dogon zango irin su Boeing 777 da Airbus A330, waɗanda aka saba jigilar alhazai da su, saka 850. Mai farfela irin ATR 72 kuwa 500 za ka saka. Galibi akan rubuta irin jirgin a wajen sayen tikiti, da ƙananan haruffa.

Legas ke nan: 635 a raba da 800 ya ba da 0.79. A kula, wannan ba minti 79 ba ne, kashi ne na awa. Ninka shi da 60 ka sami minti 48, ƙara 30, ya zama awa ɗaya da minti 18. Abin da za ka gani a tikiti ba zai yi nisa da haka ba. Da a mai farfela ne, 635 a raba da 500 ya ba da awa ɗaya da minti 16, da ƙarin 30 ya zama awa ɗaya da minti 46. Nisa ɗaya, bambancin kusan rabin awa.

Jidda: 3,600 a raba da 850 ya ba da 4.24, wato awa 4 da minti 14, da ƙarin 30 ya zama awa biyar saura kwata. Shi ya sa na ce wa Goggo biyar. Abuja zuwa Landan kimanin kilomita 4,770 ne, lissafi ya ba da awa shida da 'yan mintoci, kamfanoni kuma sukan rubuta wajen shida da rabi don su bar wa kansu sarari, musamman da yake filin Heathrow na Landan ba ya rabo da layin jiragen da ke jiran sauka.

Idan ka lura, rabin awan nan ba ya canzawa ko tafiya gajera ce ko doguwa. A tafiyar Jidda ba a jin sa. A gajeriyar tafiya kuwa shi ne mafi yawan lokacin. Tsakanin filin Kaduna da na Abuja kilomita 188 ne kacal, Kano kimanin 200. Gudun ƙololuwa zai cinye wannan cikin kwata ɗaya, amma jirgi bai gama hawa ba zai fara sauka.

Mataki na huɗu: abubuwan da suke tsawaita hanya

Zaren da muka ja a jikin lemo buri ne kawai. A sama akwai hanyoyi da aka shata, da mahaɗai masu suna, masu kula da zirga-zirgar jirage ne suke cewa bi nan, kauce can. Ni nakan ƙara kashi biyar cikin ɗari a kan nisan miƙe saboda wannan.

Babban abin da ke ɓata lissafi shi ne rufe sararin samaniyar wata ƙasa. Miƙaƙƙiyar hanya daga Kaduna zuwa Jidda ta kan Chadi da Sudan take bi, kafin a tsallaka Bahar Maliya. Ita ce ma hanyar da kakanninmu suka bi a ƙasa, wasu su shekara biyu ko uku suna tafe suna noma a hanya, wasu su zauna a Sudan ɗin har abada. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe samaniyarta, dole jiragen alhazai na shekarar suka riƙa zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, man da ake ƙonawa ya ƙaru. A watan Agustan shekarar kuma Nijar ta rufe tata bayan juyin mulki, jiragen da ke zuwa Turai daga Najeriya suka koma kewayawa. Don haka idan lissafinka ya ce biyar, tikiti ya ce shida da rabi, kada ka yi saurin cewa wani ya yi kuskure. Duba labarai ka ga wace ƙasa ce a tsakani.

Sai iska. A can sama, musamman a sassan Turai da Amurka da arewacin Asiya, akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Jirgin da ya bi ta tana tura shi, wanda ya tunkare ta tana riƙe shi. Shi ya sa zuwa New York daga Landan ya fi dawowa daɗewa da kusan awa guda. Tsakaninmu da Turai tafiyar kudu da arewa ce, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Namu na gida biyu ne, hazo da hadari. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan ƙurar hunturu ta taso daga hamadar Chadi ta lulluɓe Arewa, matuƙi ba ya ganin titi daga nesa. Jirgi yakan yi ta shawagi yana jiran sarari, ko ya juya wani gari, ko a ƙi tashi tun daga farko. Wannan ba ya shiga kowane lissafi, abin da za ka yi kawai shi ne kada ka ɗaura muhimmin al'amari a kan jirgin ranar. Idan ɗaurin aure ne ko jarrabawa ko ganin likita, tafi tun jiya. Da damina kuma hadari ya fi haɗuwa da yamma, matuƙi yakan kewaye shi, a ƙara minti goma ko ashirin. A wannan lokaci jirgin safe ya fi, kuma dama jinkiri taruwa yake yi, jirgin da ya makara a zangonsa na farko da safe haka zai yi ta jan makarar har dare.

Mataki na biyar: agogo

Mu koma kan gardamar Mando. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti, agogon garin da abin zai faru ne. Lokacin tashi na garin tashi, lokacin sauka na garin sauka. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu. Idan jirgi ya bar Kaduna ƙarfe 10 na dare ya yi awa biyar, agogon hannunka zai nuna 3 na dare, amma na bangon filin Jidda 5 na asuba zai nuna. Dattijo ya ƙirga daga goma zuwa biyar ya sami bakwai. A dawowa, an bar Jidda ƙarfe 2 na rana, an yi awa biyar, an sauka Kaduna ƙarfe 5 na yamma agogonmu. Hajiya ta ƙirga daga biyu zuwa biyar ta sami uku.

Ƙa'idar ke nan: idan gabas ka nufa, cire bambancin agogo daga abin da ka ƙirga a tikiti. Idan yamma ka nufa, ƙara shi. Ko kuma ka mayar da lokutan biyu zuwa agogon Najeriya tukuna, sannan ka ƙirga, wannan ya fi kauce wa ruɗani. Habasha tana gabanmu da awa biyu kamar Saudiyya, Dubai da uku, Sin da bakwai. Nijar da Chadi da Kamaru agogonmu ɗaya. Ghana tana bayanmu da awa ɗaya. Ingila kuwa sauyawa take yi: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da Landan, sauran watannin tana bayanmu da awa guda.

Tushen abin shi ne duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, wato minti huɗu ga kowane digiri. Tsakanin Kaduna da Jidda digiri kusan 32 ne, ka ga awa biyu da 'yan kai. Ko a cikin gida akwai shi, agogo ne kawai ya ɓoye: digiri huɗu da ke tsakaninmu da Legas sun sa rana tana riga tsayawa tsaka a Kaduna da kimanin minti 16. Wannan ya shafi ibada kai tsaye. Mai tafiya gabas da dare, asuba za ta riske shi da wuri fiye da yadda jikinsa yake tsammani. Mai azumin da ya taso daga Saudiyya da rana ya nufo gida kuwa wuninsa zai ƙaru da kusan awa biyu, rana yake bi. Wanda zai sauka Jidda da niyyar Umara kai tsaye, sanin awannin tafiyar zai taimaka masa ya kimtsa da haraminsa kafin a zo daidai miƙati, hukuncin kuma ya tambayi malaminsa tun yana gida.

Akwai tarko biyu a rubutun tikiti. Na farko agogon awa 24: 14:35 shi ne 2:35 na rana, 21:10 shi ne 9:10 na dare, duk abin da ya haura 12 cire masa 12. Idan ka ga +1 kusa da lokacin sauka, washegari ake nufi. Na biyu ya fi cin mutane. Wani ƙanena ya sayi tikitin da aka rubuta Talata, 00:40. A ransa daren Talata ne, sai ya shirya ya isa fili ranar Talata bayan isha'i. Ashe jirgi ya tashi tun daren Litinin wayewar Talata, minti arba'in bayan sha biyu, lokacin da kwanan wata ya riga ya juya. Ya kira ni murya na rawa, "Yaya, wai sun ce jirgina ya tafi tun jiya." Kuɗin sauya tikiti ya kusa kai rabin na sabo. Duk lokacin da ya fara da 00 ko 01 ko 02, a daren ranar da ta gabata za ka bar gida.

Mataki na shida: idan akwai yada zango

Yawancin tafiye-tafiyen ƙetare daga Kaduna sai an bi ta Abuja ko Kano ko Legas, daga can ma sau da yawa a sake sauka a wata ƙasa. Kowane zango lissafinsa daban, da rabin awansa. Ɗauki Dubai. Daga Abuja kai tsaye kimanin kilomita 5,390 ne, awa bakwai saura kaɗan. Ta Adis Ababa kuwa zangon farko 3,460 ne, wajen awa huɗu da rabi, na biyu 2,520, wajen uku da rabi. Jimla awa takwas a sama. Ƙarin nisan bai fi kilomita 600 ba, ba shi ne abin dubawa ba. Zaman jira a tsakani shi ne mai cin rai, yana iya zama awa biyu, yana iya zama goma sha biyu. Lissafa shi da sauƙi: lokacin tashin jirgi na biyu a cire lokacin saukar na farko, duka agogon gari ɗaya ne, babu ruwanka da bambanci.

Tikiti mai araha sau da yawa a nan yake ɓoye tsadarsa. Kuma ka bambance tsakanin tikiti ɗaya mai zango biyu da tikiti biyu daban-daban. A na farko, idan jirgin farko ya makara, kamfani ne zai nema maka mafita. A na biyu, ka sayi Kaduna zuwa Legas a wani kamfani, Legas zuwa waje a wani, babu ruwan na biyun da uzurinka. A Legas ma ɓangaren jiragen gida daban yake da na ƙasashen waje, sai ka karɓi kayanka ka shiga mota. Idan haka za ka yi, bar aƙalla awa shida a tsakani, da hunturu kuwa kwana a can.

Mataki na bakwai: daga ƙofa zuwa ƙofa

Wannan ita ce amsar da ta fi amfani, ita ce kuma ba a rubutawa a ko'ina. Ɗauki mutumin unguwar Barnawa a Kaduna da zai je kasuwar Idumota ta Legas sarin kaya. Daga gida zuwa filin jirgi sai ya ratsa gari ya bi ta Mando, a ba shi awa ɗaya. Ya isa awa ɗaya da rabi zuwa biyu kafin tashi saboda awon kaya da bincike. Awa ɗaya da minti ashirin a jirgi. Rabin awa jiran jaka. Daga Ikeja, inda filin jirgin yake, zuwa cikin tsibirin Legas inda kasuwar take, awa ɗaya idan Allah ya taimaka, biyu idan cunkoso ya kama. Jirgin "awa ɗaya" ya zama awa shida. Duk da haka ya fi mota nesa ba kusa ba, don ita wuni take ci har da dare.

Amma yi wa Abuja irin wannan lissafi ka gani. Awa ɗaya zuwa fili, ɗaya da rabi jira, minti 45 a jirgi, rabin awa kaya, sannan doguwar hanyar da ke tsakanin filin Nnamdi Azikiwe da cikin birni. An haura awa huɗu. Jirgin ƙasa daga tashar Rigasa ta Kaduna zuwa ta Idu a Abuja, kilomita 186, wanda aka buɗe a 2016, bai kai haka ba. A ganina duk tafiyar da ba ta kai kilomita 300 ba, jirgin sama ba ya rage maka lokaci, sai dai idan wani dalili ne daban ya sa ka zaɓe shi, kamar tsaron hanya. An ga wannan ƙarara a 2017, lokacin da aka rufe filin Abuja na mako shida daga 8 ga Maris don gyaran titinsa aka karkato jirage zuwa Kaduna. Fasinjan da ya taso daga Legas yakan sauka cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, sannan ya shafe fiye da ninkin haka a mota kafin ya ga Abuja.

Ga masu zuwa tarba kuma, lissafin baya-baya ake yi. Kada ka dogara da lokacin da aka sanar tun farko, musamman a jigilar alhazai inda jadawali yake motsi. Ka ce wa matafiyin ya turo saƙo idan sun shiga jirgi an kusa rufe ƙofa, ka duba agogonka na nan gida a daidai lokacin, ka ƙara awannin tafiya. Idan kana da lambar jirgin, manhajar Flightradar24 za ta nuna maka inda yake a sama. Bayan sauka, ƙara rabin awa ga jirgin gida, awa ɗaya da rabi ko fiye ga na ƙetare saboda duba fasfo da kaya. Ranar da Goggo za ta dawo, saƙonta ya shigo ƙarfe 12 da kwata na rana agogonmu. Na ƙara biyar, na ƙara ɗaya da rabi, na ce wa mutanen gida kada kowa ya tashi sai an yi la'asar an ci abinci. Waɗanda suka ƙi ji suka tafi tun azahar, mun same su a gindin bishiya sun sha rana sun yi laushi. Ƙarfe bakwai saura ta fito tana jan ƙafa.